Mece ce jitar bas?

Duk lokacin da aka nuno ƙungiyar Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, a kan dandamali, akan ga wani a gefe riƙe da jita mai dogon wuya. Shi ne Mikey Coltun, Ba'amurke, abin da yake kaɗawa kuma ita ce jitar bas.

Yawanci tsirkiyarta huɗu ce, masu kauri, saɓanin shida na jitar da aka saba gani. Kamfanin Fender na Amurka ne ya yayata ta da samfurin Precision a 1951. Aikinta fitar da amo mai zurfi, wanda ƙirji ke ji tare da kunne.

Ba ta da ƙara sai da lantarki. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Shi ke mayar da girgizarsu sigina, amfilifaya ta ƙarfafa, babbar lasifika ta fitar. Kaɗawa da yatsu kan ba da amo mai taushi, kaɗawa da ɗan roba kuma mai kaifi. Ƙaramar lasifikar wayar hannu kuwa haɗiye rabin daɗin take yi.

A Jangeru, Shinkafi ko Ƙauran Namoda, inda kunne ya saba da kotson Narambaɗa, ba kasafai ake ganin jitar bas a biki ba. Amma amonta na cikin waƙoƙin fina-finan Kano da ake sauraro kullum, sai dai yawanci fiyano ko kwamfuta ke kwaikwayonsa a situdiyo. Hakan ya rage kuɗin haɗa waƙa, ya kuma rage wa masu kaɗa ta da hannu aiki.