Fasali a kan Sunayen Adadi Masu Yawa da Rubuta Su

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ku sani ya ku almajirai, adadi ba shi da iyaka, sunayensa su ke da iyaka. Larabawa sunka tsaya ga alfu, wato dubu. In abu ya wuce nan sai su maimaita, su ce alfu alfin. Ko cikin Alƙur'ani mafi girman adadin da anka ambata dubu ɗari ne, cikin labarin Annabi Yunusa da mutanensa, a Suratus Saffati. Kakanninmu kuwa, zamanin da ake ciniki da wuri, suna da zambar: zambar goma dubu goma ke nan, zambar dubu ita ce abin da yau ake kira miliyan. Wuri zambar ashirin shi ne keso guda.

Haruffa ma nan sunka tsaya. A hisabin da muke karantawa, na Magrib, shinun shi ne dubu, ga mutanen Gabas kuwa gainun. Da wanga hisabi malamai ke ramzin shekara. Haɗa shinun da ra da ya da ha ƙarami, ka sami 1218, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, wadda ta yi daidai da 1804. Ramzi shina da kyau ga tarihi, amma ba shi ɗaukar dukiyar ƙasa.

Abin da ke ɗaukarta shi ne alƙaluman Hindu tara da sifiri, waɗanda Alhawarizmi ya bayyana a Bagadaza. Ka raba su uku uku tun daga dama. Kowace ƙungiya da ka tsallake, ka ƙara faɗin dubu sau ɗaya. Masu hisabi irin su Ibnul Banna na Marrakush, wanda ya rasu 1321, suna kiran wannan takarari. Misalinsa lissafin allon shaɗaranji mai gida 64: ƙwaya ɗaya a gida na farko, biyu a na biyu, kana riɓanyawa har ƙarshe. Albiruni ya fitar da jimlarsa, 18,446,744,073,709,551,615. Ƙungiya bakwai ce, don haka goma sha takwas ɗin farko sai ka bi ta da dubu sau shida. Baki shina gajiya, amma ma'ana ba ta ɓacewa.

Inda ma'ana ke ɓacewa shi ne ga sunayen Turawa, domin su ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Biliyan a Gusau miliyan dubu ce, sifiri tara, bisa al'adar Amurka, wadda hukumar Ingila ta koma gare ta a 1974. Faransa kuwa, da Nijar da ta ɗauki harshenta, wanga adadi miliyar suke ce mashi, biliyan tasu sifiri goma sha biyu gare ta. Suna ɗaya, tsakaninsu riɓi dubu. Haka jaka: a kasuwar Tsafe ko Bunguɗu naira 200 ce, asalinta fam ɗari kafin canjin kuɗi na 1973, jika a Maraɗi kuwa sefa dubu ce.

Ku ne za a kira ku rubuta bashi, ku raba gado, ku fidda zakkar attajiri, kuma ayar bashi a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta umurci marubuci shi rubuta da adalci. To in ɗan kasuwar Gusau ya ƙulla da na Maraɗi, kada ka yarda da suna shi kaɗai. Rubuta adadin da alƙaluma, ka sake rubuta shi da kalmomi bisa takarari, kamar naira dubu sau dubu sau dubu, ka ambaci irin kuɗin, ka karanta ma shaidu biyu su ji. In alƙaluma da kalmomi sunka saɓa, kada kowa shi sa hannu sai an sake takarda.

Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi.