Wata biyar a Granada: Da ɗan gari akan ci gari

Ranar da na je sallama da dattawan garinmu, Unguwar Gai, wani baffana ya yi mini wata tambaya da har yau nake juya ta a raina. Ya ce, "To kai ɗan nan, Turancin da ka sha wahala a kansa bai ishe ka ba, sai ka tsallaka teku neman wani yaren Nasara?" Kafin in buɗe baki liman ya riga ni. Ya ce ai ƙasar da yaron nan za shi ita ce Andalus, kuma duk wanda ya taɓa rera Ishiriniya a daren Mauludi akwai bashin mutanenta a kansa, domin Alfazazi haifaffen Kurɗuba ne. Da wannan aka sa mini albarka, na bi ta Rano na kama hanyar Abuja, na nufi birnin Granada da ke kudancin Sifaniya domin zangon karatu guda na koyon Sifaniyanci, daga Satumba zuwa ƙarshen Janairu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan matasanmu da ke fita waje karatu a 'yan shekarun nan, wasu da tallafin gwamnati, wasu da kuɗin gonar da iyaye suka sayar. Da yawa daga cikinsu sai sun fara da koyon harshen ƙasar kafin su taɓa ainihin karatun. Ana yi musu nasiha kan biza da kuɗin jirgi da rigar sanyi, amma ba kasafai ake gaya musu cewa makonni shida na farko su ne ke yanke hukunci a kan tafiyar baki ɗaya ba. A cikinsu ne ɗalibi yake zaɓar ko zai shiga cikin mutanen gari, ko kuwa zai kulle kansa a ɗaki da wayarsa har ranar komowa. Na san haka ne domin ni kaina saura ƙiris in faɗa rukuni na biyu.

Tambayar baffana tana da amsa. Mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da Sifaniyanci a bakinsu, shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba sai an je Mekziko ko Kuba ba: maƙwabciyarmu ta teku, Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1968, da shi take gudanar da mulki. Ɗaliban Najeriya da suka karanta likitanci a Kuba kuwa da shi suka yi karatunsu, da shi suka duba marasa lafiya.

Na sauka da ɗan ƙwarin gwiwa, kuma makon farko a cibiyar koyar da harsuna ta Jami'ar Granada, jami'ar da aka kafa tun 1531, ya ƙara mini shi. Bahaushe yana da gata a wannan harshe wanda Bature ɗan Ingila ba shi da shi. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake furta ta, kamar a bokonmu. Suna da "r" iri biyu, mai sauƙi da mai kaɗawa, har su ne ke bambanta pero, wato "amma", da perro, wato "kare". Abokan karatuna daga Amurka sun yi makonni suna fama da wannan, ni kuwa da shi na taso. Haka kuma kowane suna namiji ne ko mace, kuma yawancin sunayen mata da "a" suke ƙarewa, daidai da riga da hula da gona a Hausa. Inda na sha kashi shi ne bambanta "p" da "f", sai kuma aikatau, wanda yake sauya wutsiya gwargwadon mai aikin da lokacin aikin.

Sai dai aji awa huɗu ne a yini, sauran awa ashirin na gari ne. Da na fita titi sai na tarar da harshen da malama take furtawa dalla-dalla ya zama wani abu dabam. Mutanen Andalus suna haɗiye "s" ɗin ƙarshen kalma, suna gutsure gaɓoɓi, har sunan garinsu sukan taƙaita shi su ce Graná. Na shiga kantin burodi da jimlar da na kwana ina haddacewa, mai kanti ta jefo mini tambaya guda, ban kama ko kalma ɗaya ba. Na nuna da yatsa, na biya, na fito ina jin kunya kamar wanda aka kama da satar kaza.

Agogo ma ya juya mini baya. Ana cin abincin rana ƙarfe biyu zuwa uku, ƙananan kantuna su rufe har wajen biyar, abincin dare kuma sai tara ko goma, lokacin da Unguwar Gai ta daɗe da yin tsit. Daga ƙarshen Oktoba agogonsu yakan zo daidai da na Najeriya, amma a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, don haka mutum yakan idar da Asuba ya tafi aji gari bai gama wayewa ba. Ga sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Sierra Nevada masu ƙanƙara, wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Uwa uba abinci. Naman alade yana cikin kusan komai, daga cinyoyin da ake ratayewa a kantuna har kitsen da ake zubawa a wasu kayan fulawa. Kalmomin da na fara haddacewa da gaske ba na littafi ba ne: jamón, tocino, chorizo, manteca, domin in san abin da zan kauce wa.

Kafin mako na uku na gano mafita, ko in ce abin da na ɗauka mafita ce. In an tashi daga aji sai in wuce ɗaki, in dafa taliya, in kunna waya. Na san farashin masara a kasuwar Dawanau, na san wanda ya yi aure da wanda ya rasu a Kibiya, ina sauraron labaran Hausa safe da yamma. In kewa ta dame ni sai in nemi ɗaliban da ke jin Turanci mu yi ta hira. Gangar jikina tana Granada, kunnena da bakina suna gida. Da aka yi gwajin ƙarshen wata na ci nahawu sosai, amma a gwajin baka na tsaya ina in'ina kamar ranar da na sauka. A daren nan na zauna na lissafa abin da aka kashe a kaina, na ga cewa in dai haka zan ci gaba, da zamana na yi a Kano na sayi littafin nahawu.

Wadda ta fitar da ni ita ce tsohuwar da nake haya a gidanta, gwauruwa mai kimanin shekara saba'in, wadda ba ta jin Turanci ko kaɗan. Wata Lahadi ta ƙwanƙwasa ƙofata ta ce, "Hijo," wato ɗana, "a gidan nan ba a cin abinci a ɗaki." Na yi ta kame-kame ina neman yadda zan bayyana mata abin da addinina ya hana. Ta saurare ni har na gama, ta gyara mini kuskure biyu a cikin jimlar, sannan ta ce kifi ne da ƙwai da dankali, kuma da man zaitun ta soya. Tun daga ranar muke cin abincin rana tare. Ta ware mini tukunya da ba ta taɓa alade ba, ni kuma nake rako ta kasuwa ina ɗaukar mata kaya. Ta so in riƙa ce mata tú, yadda ake ce wa tsara, na roƙe ta ta bar ni a kan usted ta girmamawa, na ce mata a wajenmu yaro ba ya gaisa da babba a tsaye. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

A bakin wannan teburi na koyi abin da aji bai ba ni ba. Nan na ji cewa magajin gari shi ne alcalde, kalmar da ta fito daga tushen Larabci ɗaya da alƙalinmu, sukari azúcar, zaitun aceituna, kuma ojalá da suke faɗa in suna fatan wani abu daga "in Allah Ya so" ta samo asali. Wata rana ta kawo mini wani farin abin sha mai sanyi tana alfahari da shi, ta ce horchata ce ta mutanen Balensiya. Ina kurɓa na ce mata ai wannan kunun aya ne. Ba ta yarda ba sai da jikanta ya bincika ya tabbatar mata cewa Sifaniya tana sayo aya daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Wannan gardama ita ce hirar farko da na yi ta rabin awa ba tare da na fassara komai a zuciyata ba.

Wuri na biyu da ya buɗe mini baki shi ne masallaci. A unguwar Albaicín, a kan tudun da ke fuskantar fadar Alhambra, akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003. Ranar Juma'a za ka ga 'yan Maroko da 'yan Senegal da 'yan Pakistan da Sifaniyawan da suka musulunta, kuma harshen da ya haɗa mu bayan sallama shi ne Sifaniyanci. Su suka nuna mini mahautan halal na wajen titin Elvira. A can na riƙa tuna maganar liman. Ibn Malik mai Alfiyya, wadda ake haddacewa a zaurukan Kano, a Jayyan aka haife shi, garin da ake kira Jaén a yau, tafiyar kamar awa guda daga inda nake. Ibn Asim mai Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, alƙalin alƙalan Granada ne, ya rasu a 1426. Alƙali Iyal mai Ashafa ya taɓa riƙe alƙalancin birnin. Abu Ishaƙ Assahili kuwa, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbuktu, ɗan Granada ne.

Kada mai karatu ya ɗauka komai zuma ne. An taɓa tsayar da ni a titi ana tambayar takarduna alhali abokaina farare suna wucewa, an kuma sha ɗaukata ɗan ci-ranin da ya tsallako teku a kwale-kwale. Ranar 2 ga Janairu kuma, ranar da ake bikin tunawa da karɓe birnin daga hannun sarkinsa Musulmi na ƙarshe a 1492, na ji wani nauyi a ƙirjina. Da yamma uwar ɗakina ta tambaye ni abin da ya sa na yi shiru. Na gaya mata, cikin harshenta, cewa abin da wasu suke yi wa biki, a littattafan da na taso da su makoki ne. Ta ce ko a cikin 'yan garin akwai masu adawa da bikin, ita kuwa al'adar iyayenta ce. Ba mu daidaita ba, ba mu kuma ɓata ba. A ranar na san harshen ya zauna mini, tunda na iya faɗin abin da ke ci mini rai ba tare da na yi rashin kunya ba.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a wajenmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su da makarantar koyon yare, mai masauki suke da shi: shi zai sauke su, ya ciyar da su, ya shiga tsakaninsu da mutanen gari. Ita ma gwamnatin tarayya, da tura ɗalibai waje ya yi mata tsada, sai ta kafa ƙauyen Faransanci a Badagiri da na Larabci a Ngala a farkon shekarun 1990, domin ta san harshe yana bukatar wurin da za a kwana a tashi da shi.

Saboda haka ga shawarata ga ƙannena masu shirin tafiya, ko Sifaniya ko Turkiyya ko Sin. Ka nemi zama da iyalin 'yan ƙasa in da hali, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta. Ka bayyana addininka da abin da ba ka ci tun ranar farko, a fili kuma cikin ladabi, domin mafi yawan mutane suna girmama wanda ya san iyakarsa. Ka yanka wa wayarka lokaci, kiran gida sau ɗaya a yini ya isa. Ka yarda a yi maka dariya a kasuwa. Iyaye kuma su rage kiran dare da rana, kewar da suke son magancewa ita ce take hana yaron sakin jiki. Hukumomin da ke ba da tallafi su ma ya kamata su riƙa tambayar inda ɗalibi zai zauna da waɗanda zai zauna da su, kamar yadda suke tambayar kuɗin makaranta.

Na dawo gida ana tsakiyar hunturu. Baffana ya sa na gaishe shi da sabon yaren, ya saurara, ya ce bai ji komai ba sai wata kalma mai kama da alƙali. Na ce masa ai ita ce. Ya gyaɗa kai ya ce to ashe ba a yi asarar kuɗin mota ba. Allah Ya sa abin da muka koyo ya amfane mu, Ya kuma dawo mana da 'ya'yanmu da ke waje lafiya.

An rubuto daga Unguwar Gai, Ƙaramar Hukumar Kibiya, Jihar Kano.