Baƙin Mai: Littafi Ke Zaɓen Iri, Hanya Ke Yanke Lokacin Juye

A wata ranar Alhamis cikin zafin Afrilu, ina hanyar Zariya zuwa Kano, daf da Kwanar Ɗangora, wata jar fitila mai siffar buta ta kama a gaban sitiyarin motata. Na gangara gefen titi na kashe inji nan take, kuma daga baya aka tabbatar mini cewa wannan hanzari ne ya hana injin bugawa. Motar ƙirar Jamus ce, mai silinda shida da turbo biyu. Ta haura shekara goma a duniya kafin ta iso hannuna daga Kwatano, da kuɗin da na shafe shekara huɗu ina tarawa. Da aka janyo ta gareji aka buɗe murfin injin, sai ga wani baƙin abu kamar kwalta ya lulluɓe ko'ina. Rariyar da ke tsotso mai daga ƙasan inji ta toshe, turbo ɗaya ya tashi aiki. Albashin wata huɗu ne ya tafi a gyara.

Dattijon bakaniken da ya yi aikin ya tambaye ni irin man da nake zubawa da lokacin da na yi juye na ƙarshe. Da na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce, "Dakta, ai karatun naku bai biyo ta nan ba." Gaskiya ya faɗa. Kuskure biyu na haɗa a mota ɗaya. Na bar wani mai juye a bakin titi ya zuba mini mai kauri, 20W-50, bisa hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Sannan na miƙa wuya ga kwamfutar motar, wadda ke nuna mini cewa saura dubban kilomitoci kafin juye. Wato na ɗauki man bakanike na haɗa da wa'adin Bature. Abin da na koya bayan nan shi nake son gabatar wa mai karatu, musamman matasanmu da ke sayen BMW da Marsandi da Audi na hannu, waɗanda kuɗin injinsu kan kai rabin kuɗin motar.

Mu fara da lambobin da ke jikin galan. Idan an rubuta 5W-30, lambar farko da harafin W suna nuna yadda man ke gudu a cikin sanyi, lokacin da aka tayar da inji. Lamba ta biyu kuwa tana nuna kaurinsa idan ya ɗauki zafin digiri 100. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta tsara wannan ma'auni. A nan ne hujjar zafin ƙasa take raunana. Inji mai lafiya yana aiki ne a zafin da ya kusa digiri 100, ko a Kano yake ko a Jamus, domin ruwan lagireto da na'urar daidaita zafi su ke riƙe shi a haka. Zafin digiri 40 na bazararmu yana ƙara wa tsarin sanyaya inji wahala, amma ba ya sauya faɗin ramukan da aka ƙera domin mai ya bi.

Ba na zargin bakanikenmu da jahilci. Ilminsu na asali daga Fijo 504 ya samo tushe, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma 20W-50 ya dace da ita. Injin zamani mai ƙarfi wata halitta ce daban. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke tura ta yana iya kaiwa digiri 900, kuma baƙin mai ne ke sanyaya ta yana kuma hana ta goguwa. Na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda BMW ke kira VANOS, Toyota kuma VVT-i, da matsin mai take aiki, ta cikin ƙananan ramuka masu rariya. Mai kauri yana jinkirin isa waɗannan wurare da safe, mai maras inganci kuma yana ƙonewa ya daskare a cikinsu.

Kada a fahimce ni da cewa kauri laifi ne a ko da yaushe. Akwai injunan da aka ƙera domin mai kauri: M3 mai silinda takwas da M5 mai silinda goma, duka na BMW, 10W-60 kamfanin ya wajabta musu. Nissan GT-R kuma 0W-40 take sha. Dukkansu motocin gudu ne, amma kowace da abincinta. Saboda haka ba a zaɓen mai da murza shi tsakanin yatsu biyu, ba a kuma zaɓensa da abin da maƙwabci ke zuba wa tasa. Littafin da ya zo da motar shi ne alƙali. Idan ya ɓata, kamar yadda yakan faru da motocin hannu, ana samunsa a intanet ta hanyar sunan motar da shekararta.

Bayan kauri akwai abin da ya fi shi muhimmanci, wanda yawancinmu ba mu karantawa: ƙananan rubuce-rubucen bayan galan. Manyan kamfanoni suna da nasu gwaji, suna kuma ba man da ya ci jarrabawa shaida. Marsandi tana da 229.5, BMW tana da Longlife-01, Volkswagen da Audi suna da 502 00, Porsche tana da A40. Galan biyu za su iya ɗaukar 5W-40 iri ɗaya, ɗaya yana da wannan shaida, ɗaya ba shi da ita. Ga motocin Amurka da Japan, a duba tambarin API. Matakin SP, wanda aka ƙaddamar a 2020, an tsara shi ne har da kare injunan turbo masu fesa fetur kai tsaye daga wata irin fashewa da ke aukuwa kafin fulogi ya ba da wuta, wadda takan fasa fistin. Kusan duk man da ke cika sharuɗɗan waɗancan manyan kamfanoni sintetik ne, wato wanda aka sarrafa domin ya jure zafi fiye da man gargajiya.

Akwai kuma batun fetur. Tun 2009 dokar Turai ta taƙaita sinadarin salfa a fetur da dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan. Yammacin Afirka ya daɗe yana shan man da salfarsa ta ninka haka sau da yawa, kamar yadda rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ya fallasa a 2016. Salfa idan ta ƙone tana haifar da asid, baƙin mai kuma yana ɗauke da sinadaran da ke kashe wannan asid har su ƙare. Shi ya sa BMW ta shafe shekaru tana hana zuba Longlife-04 a injin fetur a wajen Turai, domin sinadaran kashe asid ɗinsa sun fi kaɗan. Darasin shi ne, galan mafi tsada ko mafi sabuwar lamba ba lallai ne ya zama mafi dacewa da mu ba.

Sai batu na biyu, wato lokacin juye. A nan ne nake ganin ya kamata a karanta littafin da idon basira. Kwamfutar motata an saita ta ne a kan wa'adin da ya kai kilomita 25,000, bisa zaton an zuba man da ya dace, ana shan fetur mai tsabta, ana kuma tafiya a kan manyan hanyoyi. Mu yi ɗan lissafi. Wanda ke tafiya a matsakaicin gudun kilomita 70 a awa zai cinye kilomita 25,000 cikin awa 357. Ni da nake fama da cunkoson cikin gari, ina tsayawa ina tashi da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, da wuya matsakaicin guduna ya wuce kilomita 20 a awa. A awa 357 ɗin nan, kilomita 7,000 da 'yan kai kawai zan yi. Baƙin mai awannin aiki yake ƙirgawa, mita kuwa nisan tafiya take ƙirgawa. Ko a Amurka, BMW da kanta ta rage wa'adinta daga mil 15,000 zuwa mil 10,000 ko shekara ɗaya, tun daga motocin 2014.

Littattafan motoci da dama suna da wani babi na aiki mai tsanani, inda suke umartar a rage wa'adin, galibi zuwa rabi. Abubuwan da suke lissafawa su ne ƙura, da tsananin zafi, da yawan tsayuwa inji na aiki, da gajerun tafiye-tafiye. Wanda ya karanta wannan jeri ya san rayuwarmu ta yau da kullum ake siffantawa. Hazon hunturu yana shiga ta matatar iska ya zama kamar yashi a cikin mai. Gajeriyar tafiya, irin tawa daga gida zuwa jami'a, ba ta barin mai ya yi zafin da zai ƙone ruwa da feturin da suka zurara cikinsa, sai ya tsinke. Motar da ake ajiyewa ana lallaɓawa, wadda ba ta fita sai zuwa ofis da masallacin Juma'a, tana iya fin ta ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Kano da Abuja buƙatar juye a kan kari.

Ƙa'idar da na tsayar wa kaina ita ce kilomita 7,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta mai kyau a kowane juye. Wanda ke taka mota da ƙarfi ya rage zuwa 5,000. A kula da motocin da suka zo daga Amurka, domin mitarsu da mil take ƙirgawa, kuma mil 5,000 kilomita 8,000 ne. Baƙin launi kaɗai ba hujja ba ce ta lalacewar mai, domin mai nagari yakan yi baƙi saboda dattin da yake kwashewa. Yin juye kowane wata kuma, kamar yadda wasu ke yi da sintetik mai tsada, ɓarnar kuɗi ce. A riƙa duba geji kowane mako biyu, domin injin turbo yakan sha mai. Bayan doguwar tafiya da gudu, a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone.

Duk wannan bayani ba shi da amfani idan abin da ke cikin galan jabu ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama gurɓataccen baƙin mai a kasuwanninmu. Ni dai a yanzu wurin dillalin kamfani nake saye, in duba hatimin murfi, in tsaya a zuba a gabana, in kuma huda galan ɗin kafin in bar shi, domin galan da aka yar yau shi ake cikawa gobe. Ina da ɗan littafi a motar, inda nake rubuta rana da lambar mita da irin man da aka zuba.

Na san za a ce lita shida ko bakwai na sintetik sau biyu a shekara ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan zamani. Haka ne. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma na lissafa na ga kuɗin da na kashe a gyara ɗaya ya isa juyen shekaru masu yawa. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki wannan ɗawainiya ba, ya fi masa alheri ya nemi mota mai sauƙin hali, babu abin kunya a ciki. Ranar da na je ɗaukar motata, dattijon nan ya miƙo mini makulli ya ce, "Dakta, a ba ta abin da maƙerinta ya ce, a kuma canza shi kafin ta roƙa." Tun daga ranar jar fitilar ba ta sake kamawa ba. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.