Kibiyar da Ba Ta Kashe Sebastiyan Ba

A gidan tarihi na Louvre da ke Faris akwai wani dogon zane da Andrea Mantegna ya yi wajajen 1480. Wani mutum ne ɗaure a jikin ginshiƙin rusasshen ginin Rumawa, daga shi sai ɗan ƙyalle a ƙugu, kibau sun shige shi ta ko'ina, ya ɗaga ido sama. Can ƙasa ta hannun dama ga maharba biyu, sun gama aiki. Sebastiyan ke nan, sojan Rum wanda Kiristoci ke lissafawa cikin shahidansu, aka kashe shi zamanin Sarki Diyokletiyan wajajen 288.

Abin mamaki, ba kibiya ce ajalinsa ba. A ruwayar Kiristoci, wata mata mai suna Irene ta tarar da sauran numfashinsa, ta yi jinyarsa har ya miƙe, ya koma ya fuskanci sarkin, sannan aka kashe shi da kulake. Amma masu zanen Italiya ba su cika waiwayar kulki ba.

Dalili na farko annoba. Tun bayan ta 1348, wadda ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, jama'a na kwatanta cutar da kibiya, ba ka ganin tahowarta sai ta same ka. To ga wanda aka harba ya tashi; ina za a sami wanda ya fi shi dacewa da roƙon tsari? Na biyu kuwa, a ganina, har da son kai na masu sana'ar. Suna ɗokin zana surar jikin mutum yadda suka gani a gumakan Girkawa da Rumawa, kuma Sebastiyan ya ba su kafar yin haka a cikin coci.

Kibiyar ta zama shaida kuma. Yawancin masu shiga coci ba su iya karatu ba, saboda haka kowane shahidi da alamarsa, kamar yadda tsagen fuska ke nuna asalin mutum: Katarina da wilin azaba, Lawrence da ƙarfen gashi, Istifanus da duwatsu, sau da yawa da ganyen dabino a hannu.

Ni dai zanen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Antonello da Messina da ke Dresden. Sebastiyan na tsaye a dandali ko ɓata fuska bai yi ba, a bayansa wani ya miƙe a ƙasa yana sharar barci, mata na leƙe daga bene inda aka shanya dardumai. Gari na harkarsa.

Mantegna sau uku ya zana Sebastiyan. Na ƙarshen, mai ɗan kyandir a kusurwa yana hayaƙi, a ɗakin aikinsa aka same shi bayan mutuwarsa a 1506. Yau yana gidan Ca' d'Oro a Venis.