Teburin Mai Shayi da Kantuna Masu Rassa: Farfaɗowar Tsakiyar Gari a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ƙasashen Turai da Amurka, idan tsakiyar wani gari ta mutu sa'an nan ta sake farfaɗowa, alamar da akan fara lura da ita ita ce buɗe shagon shan gahawa na wani kamfani mai rassa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Starbucks, wanda ya soma da shago guda a birnin Siyatil na Amurka cikin 1971, yau kuwa rassansa sun haura 30,000. Wannan ya sa wasu ke zaton irin waɗannan kamfanoni ne ke raya gari. Alhali kuwa kamfani ba ya kafa reshe sai ya ƙidaya masu wucewa ta ƙofar shagon, ya auna abin da ke aljihunsu. Watau arziki ne ke riga shi isowa. Tarihin ciniki a Ikara da Maƙarfi da Kudan ya tabbatar da haka.

Kantunan Turawa da hanyar jirgi

Kanti mai rassa ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano cikin 1911, kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant, daga baya kuma UAC da aka kafa cikin 1929, suka buɗe kantuna suna sayen auduga da gyaɗa, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Tashoshin jirgi kamar Likoro da Gimi suka zama matattarar amfanin gona. Auduga da gyaɗa ne suka jawo kantunan, ribar kuwa Ingila take tafiya. Cikin 1972 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan harkokin saye da sayarwa. Da harkar jirgi ta ja baya kuma, sai ciniki ya koma bakin titin mota, wurare irin su Tashar Yari da ke kan hanyar Zariya zuwa Kano suka bunƙasa.

Abin da ke tara jama'a

Abubuwa uku ne ke riƙe da tsakiyar waɗannan garuruwa. Na farko shi ne noma: rake da mazarƙwaila a Maƙarfi da Kudan, tumatir da masara da barkono a Ikara, inda gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta kafa masana'antar sarrafa tumatir cikin 1981. Na biyu shi ne hukuma, domin hedkwatar ƙaramar hukuma, kamar Hunkuyi tun da aka ƙirƙiro Kudan cikin 1996, takan tara ma'aikata masu albashi. Na uku shi ne makarantu, musamman kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, wadda ɗalibanta suka jawo shagunan abinci da na kayan masarufi.

Sai dai kuɗin manomi ba wata-wata yake zuwa ba. Yakan zo da kaka da ranar kasuwa, ya ƙafe da damina. Kamfani mai rassa kuwa yana bukatar ciniki daidai wa daida kullum, da wutar lantarki tsayayya, da mai saye wanda zai biya nan take.

Mai shayi

A nan ne mai shayi ya fi kamfani sanin gari. Jarinsa bai wuce tebur da benci da tukunya da kaskon suyar ƙwai ba. Yakan fito bayan sallar asuba, ya sake fitowa da almuru. Yana haɗa wa kowa gwargwadon kuɗinsa, yana kuma ba da bashi, domin ya san gidan kowa da lokacin da zai sayar da rakensa. Teburinsa majalisa ce, inda direba da dillali da malamin makaranta ke jin farashin buhu da labarin siyasa.

Har ila yau yana da nasa salon rassa. Yaron da ya daɗe yana wanke kofuna, maigidansa kan sallame shi da jari ya kafa nasa tebur. Bambancin shi ne ribar reshen tana zama a hannun yaron. Duk da haka manyan kamfanoni suna kan teburin: Lipton, Nescafé, Bournvita, madarar Peak da taliyar Indomie duk ta hannun dilolin Zariya da Kano suke isowa. Kamfani ya mallaki hajar, ɗan gari ya mallaki wurin zaman.

Sababbin shaguna

Sababbin sana'o'in da suka cika bakin titi su ne sayar da wayar hannu da gyaranta, cajin waya da hasken rana, da masu POS, waɗanda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara wa kasuwa. Dukkansu ƙaramin jari suke bukata, kuma akasari na 'yan gari ne. Babban kanti kuwa ko a Kano bai tsira ba: Shoprite ya buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero cikin 2014, ya rufe a farkon 2024.

Kammalawa

Darasin da ke nan ga ƙananan hukumomi shi ne, idan za a sabunta kasuwa ko tasha, kada a rushe rumfunan masu ƙaramin jari a gina shagunan da ba za su iya biyan hayarsu ba, domin su ne ke tara jama'ar da babban kanti ke nema. Abin da ya kamata a sa gaba shi ne hanyar fito da amfanin gona, da ruwa, da wuta, da rumfa mai sauƙin haya. Idan manomin Kudan ya sayar da rakensa da daraja, masu kantuna za su zo da kansu.