Bidiyon da Ke Tsayawa Ya Tambaye Ka

'Yan uwana ɗalibai, kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, NIHSA kuma ta bayyana wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Tsakani da Allah, mu nawa ne muka taɓa karanta su? Shi kuwa ruwa ba ya jiran kowa. A 2020 ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jiharmu ta Kebbi, a 2022 kuma ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya.

Shi ya sa nake so mu san abin da nake kira bidiyon zaɓi. Ana fara labari, sai ya tsaya cak ya tambaye ka. Misali: ka taso daga gona a kan babur za ka koma Zuru, ka tarar rafi ya kawo. Za ka kutsa, ko ka jira, ko ka sake hanya? Abin da ka latsa shi zai biyo baya. In ka kutsa, ka ga ruwa ya tafi da babur, sannan a yi maka bayani: ruwa mai gudu da ya ɗan wuce idon sawu, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Ka ga kuskuren a waya ya tsaya, ba a rafi ba. Kuma abin da mutum ya zaɓa da hannunsa da wuya ya manta shi.

Haɗa shi fa ba wani abu ne mai wahala ba. A ɗauki gajerun bidiyo da waya, a ɗora a YouTube, a ƙarshen kowanne a sa maɓallan da ke kai mutum ga na gaba. Inda babu data, a ba kowane bidiyo lamba, a tura ta Xender, malami ko wani a majalisa ya riƙa tsayarwa yana tambaya.

A yi shi da Hausa da C'lela, a rafukan da yara suka sani. 'Yan sashen kwamfuta da masu wasan kwaikwayo, ga aiki nan. Mu gama shi tun da rani, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.