Tafiya Mai Nisa Da Kaya A Baya

Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100. Masu koren dabbobi suna yin wannan tafiya a ƙasa, wasu har Jibiya. Sun saba da ita tun suna samari. Amma wanda ya shiga kore karo na farko, ga guzurinsa a baya, sau da yawa tun a kwana na biyu ƙafa take gaza masa.

Ba lalaci ba ne. Gwiwa da jijiyoyi da tafin ƙafa ba sa sabawa da nauyi a rana ɗaya. Saboda haka ka fara shiri sati shida kafin tashi. A sati na farko, saka kilo 4 cikin jaka, ka goya, ka yi tafiyar awa ɗaya da sassafe. Kowane sati ka ƙara kilo 2, ka ƙara nisa kaɗan. In ka yi kwana biyu kana tafiya, huta na uku, domin a lokacin hutu ne jiki yake ƙara ƙarfi.

Kada kayanka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka. Mai kilo 60, kilo 12 ya ishe shi. Ruwan sha ma yana cikin lissafi: lita ɗaya kilo ɗaya ce.

Sabon takalmi kuwa, kome tsadarsa, cin ƙafa yake. Fara sa shi tun lokacin shiri. In gwiwa ta kumbura, sauke jaka, ka je a duba ka a asibiti.